Gahawa a Kaskon Gwaggo Dela

Da can na ɗauka gari ce a leda,
mai shayi ya yaga da haƙori,
ya kaɗa da madara ya miƙo.
Ashe tana da uwa a kan tsauni,
ashe itace ne ke haifar gahawa.

Tanimu direba ya dawo daga Gembu,
taya da jar laka, ido da bashin barci,
ya sauke tiya biyu a ƙofar Gwaggo Dela,
nan Kakuri, bayan masaƙar da ta yi shiru,
inda a da jiniya ke tashin unguwa.

Na ɗebo a tafi na shinshina.
Kore-kore, kamar waken da damina ta yaudara,
ƙamshinsa bai wuce na harawa ba.
Na ce, "Wannan ne?" Ya kwashe da dariya:
"A bishiya ja ne, murjani a wuyan reshe.
In ka fasa, ƙwaya biyu ne ciki,
sun haɗa goshi kamar masu raɗa.
Nunanne kaɗai ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya,
a ɓare, a jiƙa, a wanke yauƙin,
a baza a rana, kullum ana juyawa."

Gwaggo ta shekara sha tara kan injin zare.
Wata 'yar Sudan, abokiyar aikin dare,
ita ta koya mata maganin gyangyaɗi.
Ta hura gawayi ta ɗora kasko,
ta ba ni muciya: "Kar hannu ya huta."
Kore ya koma ruwan ƙwai,
ruwan ƙwai ya koma ƙasa-ƙasa,
hayaƙi ya leƙa gidan maƙwabta yana gaisawa.

Ƙas! Ƙas-ƙas! kamar gugguru.
"Ta yi maganar farko, kasa kunne.
Ka sauke yanzu, za ka ji ɗan tsami.
Ka jira ta biyu, mai ya tsatso,
ɗaci ya shimfiɗa tabarma.
Ka wuce nan, gawayi kake soyawa."

Wayata ta yi ƙara a aljihu.
Wallahi leƙawa kawai na yi.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta daka baƙin, ta dafa, ta cika mini kofi,
ta zauna tana kallo har na shanye.
Harshena bai yafe mini ba sai da yamma,
kuma tun ranar ban sake leƙawa ba.

Zubi na biyu ya fito launin dabino.
Muka juye a faifai, ta sheƙe ɓawon,
ta aike ni ɗaki in ɗauko ƙaramin turmi.
"Ba wancan ba.
Turmin da ya san daddawa ba ya riƙe sirri."
Na daka tana taɓawa da yatsa:
kar ya yi laushin garin tuwo, zai shaƙe mataci,
kar ya tsaya tsaki, ruwa zai wuce bai gaishe shi ba.
Tsakani ake nema, kamar yashin kogin Kaduna
bayan ruwa ya fara janyewa.

Ruwa ya tafasa, ta sauke,
ta ƙirga talatin a zuci.
Cokali biyu, kofi ɗaya.
Ta ɗiga kaɗan, garin ya kumbura da kumfa,
yana sakin numfashin da ya haɗiya a kasko.
Ta cika, ta rufe da murfin langa,
muka ba shi minti huɗu, sannan tacewa.

Na kai hannu ga sukari, ta buge shi.
"Fara jin ta ita kaɗai.
Cittar Kachiya da kanumfari baƙi ne,
sai mai gida ya zauna ake shigo da su."
Na kurɓa. Ɗaci ya yi sallama,
bayansa wani zaƙi mai kunya,
irin na tsamiyar da ta kwana a ruwa.

Tanimu ya yi barci da kofi a hannu.
Ƙarfe goma saura kwata Gwaggo ta dubi agogo,
ta gyara ɗaurin zane kamar mai shirin fita,
sai ta tuna, ta koma kan kujera,
ta ce, "Ƙara mini rabi."
Na ƙara mata gahawa.